Fulawa a Kuncin Hagu

Eudis Payano ya buga ƙwallo, ta tsallake katangar filin besbol na Consuelo, ta faɗa cikin kwanon fulawar Belkis Sabino.

Lahadi ce, an taso daga coci. Belkis na bayan katanga, inda take soya yanikeke, wainar fulawa, duk ranar wasa tana sayar wa 'yan kallo. Fulawa ta yi sama ta dawo mata a fuska. Ba ta yi ihu ba. Ta ciro ƙwallon, ta zagayo ta ƙofar fili, ta tsaya har aka tashi wasa.

"Wa ya yi min wannan ɓarnar?"

Aka nuna mata shi. Dogo ne, ɗan shekara sha takwas, kafaɗunsa irin na kakansa mai saran rake. Wata ƙungiyar Amurka ta riga ta ɗauke shi, yana makarantarsu ta horo a Boca Chica. Hutun ƙarshen mako ne ya kawo shi gida.

"Ni ne, morena," ya ce, wato mai wankan tarwaɗa.

"Belkis nake. Ta ɓular katanga na gan ka. Ka buga ka tsaya kana kallo, kamar wanda ya yi aike yana jira ya ga ko an kai."

"Ai an kai."

"Wa aka kai wa?"

"Wadda aka aika wa."

Ta so ta ɓata rai, bakinta ya ƙi. Ya ce mata da sauran fulawa a fuskarta. Ta goge dama. Ya ce ba nan ba, ya taɓa kuncinsa na hagu da yatsu biyu ya nuna mata. Ta goge, ta miƙa masa ƙwallonsa.

"Lahadi mai zuwa kai za ka kwaɓa min, Maɓarnaci."

Ya zo ya kwaɓa. Ta gaba ma ya zo, ba wanda ya kira shi. Kafin a gama saran rake na shekarar, duk Consuelo ta san zancen, ban da mutum ɗaya da kowa ke tsoron faɗa wa.

Don Fermin, mahaifinta, yana da garejin gyaran babur a bakin hanyar San Pedro. A zamaninsa mai jifa ne a wasan besbol. Ya je Amurka, ya hau mataki biyu a tsanin ƙungiyoyin can, gwiwar hannunsa ta lalace, aka sallamo shi da jaka ɗaya. Har yau hannun daman nan ba ya miƙewa. Tun da ya dawo bai sake taka fili ba, kuma ba a kunna wasa a rediyon garejinsa.

Eudis ya je masa da rigar coci, hula a hannu.

"A sa min albarka, Don Fermin."

A nan da haka yaro ke gaida babba, babba kuma ya ce Allah ya yi maka albarka. Don Fermin bai ce ba. Yana warware injin wani babur, ko ɗagowa bai yi ba.

"Kai ne na gidan Payano."

"Ni ne, Don."

"Ka taɓa jin tsoron ƙwallo?"

"Ban taɓa ba."

"To ba ka san komai ba." Ya goge hannu da tsumma. "Yaran da ke hawa jirgin nan iri biyu ne. Wanda ya yi sama ya manta hanyar gida. Wanda ya faɗo ya dawo ya zauna bakin kanti yana shan giya yana zagin matarsa. Na ga duka biyun. Ba zan ba ko ɗaya 'yata ba."

"Akwai na uku, Don."

"Ban gan shi ba. Matsa, ka tare min haske."

Da lokacin tafiyarsa Amurka ya zo, suka zauna a bakin teku a San Pedro da la'asar, suna shan ruwan kwakwa guda ɗaya su biyu. Belkis ta kasa sha.

"Ina jin tsoro, Maɓarnaci. Duk wanda ya tafi sai ya koma hoto a waya. Daga baya hoton ma ya daina zuwa."

"Ai ana nuna wasanninmu a waya. Duk ranar da na fitar da ƙwallo waje, zan tsaya in kalle ta har ta sauka. Sai in taɓa nan." Ya taɓa kuncin hagu. "Ki san ke aka aika wa."

"Idan ka daina fa?"

"Ranar da na daina, na manta ki."

Da bakinsa ya faɗa. Yaro ne.

Kuma ba wani abu ya ɗaukar wa kansa ba, a ganinsa. A nan garinmu wanda ya buga honron, wato ya fitar da ƙwallo bayan katanga, ba ya gudu. Zai tsaya ya kalle ta, ya wurgar da sanda, 'yan kallo su yi ta dukan ganga da gwangwani. Mai jifan ba ya jin haushi. Gobe idan ya jefo ka kasa bugawa, ya fitar da kai, shi ma rawa zai yi maka a fuska. Haka muka tashi muka gani.

Aka fara kai shi Florida. A can rabin yaran namu ne, ya tsaya ya taɓa kunci, ba wanda ya ce masa komai. Shekara ta zagayo aka ɗaga shi zuwa wani ƙaramin gari a Carolina, inda sanyin Afrilu ke sa sanda ta ciji hannu. Su huɗu a ɗaki, tukunyar shinkafa ɗaya. Turancinsa bai wuce na sayen kaza ba.

Matakan nan tsani ne, kuma a kowane mataki ana zubar da mutane. Ka wayi gari ka tarar da ma'ajiyar kayan abokinka a buɗe, babu komai ciki, babu sallama. Duk sanda aka ce manaja na kiran wani, ɗakin kan yi tsit. Eudis ya san abu ɗaya ne ke riƙe da shi a ƙasar nan, shi ne kuma zai kai shi ga Belkis: ƙarfin bugunsa.

Kuma yana bugawa. Saƙonninta na biyo baya kafin ya cire takalmi.

"Na gani. An kai. Na yi ta tsalle har mai ya ƙone, Mami ta ce na haukace. Ka ci abinci?"

"Na ci kaza. Jiya ma kaza. Ina kewar shinkafa da wake, ina kewar mai fulawa."

"Mai fulawa tana nan. Ka sa rigar sanyi, na ga kana karkarwa."

Wata ranar Asabar, a garin wasu, ya buga wata ta wuce sandunan fitila. Ya tsaya, ya kalle ta, ya taɓa kunci. Da ya sake zuwa bugu, jifar farko ta taho masa kai tsaye ta sauka a haƙarƙari. Ya durƙusa. Numfashi ya ƙi shiga, ya ƙi fita.

A ɗakin canza kaya, Oswaldo ya zauna kusa da shi. Mutumin Venezuela ne, mai tare ƙwallo, ya tsufa a ƙananan matakan nan har yara na ce masa kawu.

"Ka san dalili?"

"Kuɓuce masa ta yi."

"Wancan? Wancan ko ƙuda a bango zai samu. Ƙanena, nan ba gida ba ne. A nan idan ka tsaya kallon bugunka, ka zagi mai jifa ne a gaban mutanen garinsu. Ba a rubuta a ko'ina ba, amma kowa ya sani. Wannan gaisuwa ce ya yi maka."

"Idan na sake fa?"

"Su ma su sake. Shi wannan tsoho ne, ya iya saiti. Ka roƙi Allah kada na gaba ya zama yaro mai ƙarfin hannu da bai iya ba."

Wurin da ƙwallon ta same shi ya yi baƙi ƙirin, faɗin tafin hannu. Kwana da kwanaki ba ya iya dariya, ba ya iya tari. Wani abu kuma ya shiga ƙirjinsa wanda bai san shi ba a da. Idan mai jifa ya ɗaga ƙafa, sai abin ya taso masa.

Honron na gaba, ya sunkuyar da kai ya gudu.

"Yau ka manta," ta rubuto.

"Sauri nake, morena."

Na gaba ma haka.

"Yau ma."

"Gajiya ce."

Da ya faɗa mata gaskiya, da zance ya ƙare a nan. Amma ta yaya zai ce yana tsoro, shi da ya tsaya gaban ubanta da hula a hannu ya ce bai taɓa ba? Ya ce wa kansa idan ya koma gida zai yi mata bayani. Ya ci gaba da bugu yana gudu, manyan ƙungiya suka ce yaron ya yi hankali. A tsakiyar shekara aka ɗaga shi, kafin a kai ƙarshenta aka sake ɗaga shi. Saura mataki biyu tsakaninsa da manyan filaye. A Consuelo maza suna faɗin sunansa a bakin kanti. Saƙonnin Belkis kuwa suna ta gajarcewa.

Sai wannan ya shigo, yana cikin bas:

"Lisandro mai kantin magani ya zo da mahaifiyarsa neman aurena. Papi ya ba shi kujerar lilo. Da suka tafi na sa wa Papi waya a gabansa, na ce ya kalli wasanka. Ya kalla har ƙarshe. Na tambaye shi me ya sa ka daina. Ya ce wanda ya yi sama yana manta hanyar gida. Eudis, kai ka ce ranar da ka daina ka manta ni. Ba ni na faɗa ba. Idan haka ne ka faɗa min da baki, kada ka bar ni ina karantawa a jikin waya."

Eudis ba ta kira shi da sunansa sai abu ya ɓaci. Ya rubuta ina jin tsoro. Ya kalli kalmomin. Ya goge.

"Ki kalli na Lahadi," ya aika.

Lahadin a garin wasu ne, rana tsaka, fili cike. Mai jifansu wani dogon yaro ne mai jan gashi, jifarsa ba a ganinta sai dai a ji. Tun da aka fara wasa sau biyu mai tare masa ya yi tsalle kafin ya cafe. Eudis ya lura da wannan.

A zuwansa na biyu ya sami ƙwallon daidai. Tun daga ƙarar sanda ya san ta tafi. Ƙafafunsa suka ce a gudu. Ya hana su. Ya tsaya yana kallonta tana hawa, tana hawa, har ta sauka bayan allon lamba. Ya ɗaga yatsu biyu, ya taɓa kuncin hagu.

Filin ya yi tsit, sannan aka fara ihun zagi. Mai tare ƙwallonsu ya faɗa masa wata magana da Turanci. Bai buƙaci tafinta ba.

Ya zagaye fili ya koma benci. Ba wanda ya zauna kusa da shi. Oswaldo yana can baya, mataki biyu ƙasa. Ya zauna yana kallon jerin masu bugu na matsowa kansa, mutum bayan mutum. Ya yi tunanin ya ce cinyarsa ta riƙe. Ya tuna Belkis tana kallo. Ya tashi ya ɗauki sanda.

Mai jan gashin, kafaɗa ya nufa. Haka ya rantse daga baya, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Ƙwallon ta hau, ta bi ta ƙarƙashin hular kwano, ta same shi a kuncin hagu.

Ƙashin kunci ya fashe, muƙamuƙi ya karye. Ido ya tsira da kyar. Aka ɗaure masa baki da wayar ƙarfe, abinci sai a zuƙa ta tsinken roba. Wayarsa na ta haske a gefen gadon asibiti da saƙonnin Belkis.

"Ɗauki waya."

"Maɓarnaci, don Allah."

"Ko harafi ɗaya ne."

Bai aika ba.

Da ya warke aka mayar da shi fili a ƙarshen kakar wasa, da ƙarfe a jikin hula yana tare kunci. Ido lafiya, hannu lafiya. Amma da zarar mai jifa ya ɗaga ƙafa, ƙafarsa ta hagu sai ta ja baya da kanta. Ya yi mata faɗa, ya roƙe ta, ba ta ji ba. Masu jifa kuwa ba makafi ba ne. Suka dinga aika masa ta can nesa, inda mai ja da baya ba zai kai ba. Ya yi ta dukan iska. Ranar ƙarshe manaja ya kira shi, ya ce ta bakin tafinta ya je gida ya huta, sai Fabrairu. Idan ƙafar ta dawo yadda take a da, to. Idan ba ta dawo ba, nan bai ƙarasa ba.

Ya sauka Consuelo ba tare da ya sanar da kowa ba, ya shige gidan mahaifiyarsa, Doña Mecho, ya ja labule. Ko bakin kanti bai je ba. Daga tagar ɗakinsa yana hango mazan da ke zaune a can tun safe da kwalba a hannu. Uku daga cikinsu sun taɓa hawa jirgin nan.

Belkis ta zo da romon wake a kwano. Doña Mecho ta buɗe mata ƙofa, ta fita shanya kayan da suka riga suka bushe.

"Ka ƙi ɗaukar waya."

"Baki a ɗaure yake."

"Yatsun ma an ɗaure su?"

Ya juya mata gefen dama. Ya yi maganar da ya daɗe yana shiryawa.

"Ki auri Lisandro. Yana da kanti, yana da fuska. Mahaifinki ya ce iri biyu ne. Ni ne na biyun, kwalba ce kawai ban fara ba."

"Lisandro tuni na sallame shi, shi da kek ɗin da uwarsa ta kawo. Juyo in gani."

"Belkis."

"Juyo."

Ya juyo. Kuncin ya ɗan lotsa, ga tabon ɗinki daga ƙasan ido zuwa kusa da kunne. Ta sa yatsu biyu a wurin, a hankali, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Ranar nan Papi yana tsaye a bayana," ta ce. "Da ka tsaya ka taɓa kunci, ni ina murna, sai na ji ya ce, wayyo yaron nan. Ya ce in kashe waya. Tun ba a jefa ba ya san abin da ke zuwa. Ya san abin da ya sa ka daina, Eudis, tun ranar da na tambaye shi, ya bar ni na rubuto maka wancan saƙon. Tun daga ranar ban sake neman albarkarsa ba. Gida ɗaya muke kwana."

"Ba laifinsa ba ne."

"Da nasa, da nawa, da naka. Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"In ce me?"

"Ka ce kana tsoro."

Ya kalli romon yana huci.

"Ina tsoro, morena. Ko murfin kwalba aka jefo min sai na kauce. Idan na rufe ido ina ganinta tana tahowa. A Fabrairu za su sallame ni."

"To ga shi ka faɗa. Duniya ta tashi?" Ta tura masa cokali. "Sha. Kuma daga yau na janye maganar kunci. Ba na son aike. Ka buga, ka gudu, ka kira ni."

Washegari da sassafe aka buga ƙofa. Don Fermin ne, da bokiti a hannun hagu.

"Ɗauko sandarka."

"Don, ni..."

"Ban zo hira ba."

Suka bi ta bayan tsohon injin rake zuwa fili. Masu babur da ke jiran fasinja suka bi su da kallo, don ba wanda ya taɓa ganin Don Fermin a hanyar nan. A ƙofar filin ya ɗan tsaya, kamar mai shirin shiga ruwan sanyi, sannan ya shiga. Belkis na can a zaune da kwanonta. Ita da ubanta ba su kalli juna ba.

"Ni mai jifa ne," in ji Don Fermin. "Na san dokarsu. Na san abin da ya sa ka daina, na yi shiru." Ya ajiye bokiti. "Shi ke nan abin da zan ce a kai."

Ya karɓi kwanon fulawar ya ajiye shi daidai bayan ƙafar hagun Eudis.

"Ka ja baya, ka taka abincin 'yata."

A bokitin, tsofaffin safa ne a dunƙule. Ya tsaya a rabin tazara, don iyakar abin da hannun zai iya ke nan.

"An koya muku bugu, ba a koya muku shan duka ba. Ba baya ake ja ba. Wanda ya ja baya fuskarsa a buɗe take. Ka juya ciki, haɓa a ƙirji, ka ba ta gadon baya. Baya nama ne. Kai zan jefa, ba gefenka ba. Shirya."

Ya jefo dunƙulen safa. Eudis ya taka fulawa har idon sawu.

Haka aka yi ta yi kullum da safe, kafin a buɗe gareji. Yana komawa gida da ƙafa ɗaya fara fat, mazan bakin kanti na yi masa tsiya.

"Payano, da ƙafa ake kwaɓa burodi a Amurka?"

Daga safa aka koma murfin jarkar ruwa, irin wanda yara ke bugawa da sandar tsintsiya a lungu, mai lanƙwasa a iska ba a san inda zai sauka ba. Daga murfi aka koma ƙwallon roba. Wata rana ƙafar ta tsaya, washegari ta gudu. Don Fermin ba ya yabo, ba ya faɗa, sai dai ya ce a sake. Eudis ya lura kullum idan an tashi, tsohon yakan tallafe gwiwar hannunsa da ɗaya hannun har gida. Belkis ta ce masa da rana a ƙanƙara yake tsoma ta, kuma sifana ma faɗuwa take daga hannunsa.

Ana gab da Kirsimeti, iskar teku ta fara sanyi, Don Fermin ya zo da bokitin yana ƙara. Ƙwallaye ne na gaske.

Tsohon ya ɗaga ƙafa yadda yake yi a zamaninsa, ya ciji leɓe, ya saki hannun nan da ba ya miƙewa. Ƙwallon ta taho sama, saitin kunci.

Eudis ya juya ciki. Ta sauka masa a tsakiyar baya, tim. Zafi ya ratsa shi har yatsun ƙafa. Ya duba ƙasa. Fulawa na nan lumui, ba sawun kowa.

"Sake," ya ce. Wannan karon shi ya faɗa.

Don Fermin ya dube shi. Ya ɗauko wata ya jefo ta tsakiya. Eudis ya same ta, ta tashi ta haye katanga ta faɗa inda babu kowa, don mai kwanon tana nan kusa da shi. Hannunsa ya fara tashi zuwa kunci. Belkis ta girgiza kai.

"Ina nan, Maɓarnaci. Wa za ka aika wa?"

Tsohon ya tattara ƙwallaye da hannun hagu. Na daman yana lilo, ya ƙi ɗaguwa.

"Ka ce wa mahaifiyarka ta zo ranar Lahadi," ya ce, yana kallon bokiti. "Kada ta ci abinci a gida."

Belkis ta tashi ta karɓi bokitin daga hannunsa.

"A sa min albarka, Papi."

Ya dube ta.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

A watan Janairu aka ɗaura auren a cocin Consuelo, da hantsi. Aka girka tukunyar sancocho, farfesun nama da doya, a kan itace a tsakar gidan Don Fermin, aka tare lungu da kujeru, makaɗa suka zo daga San Pedro. Doña Mecho ta yi kuka ta yi rawa ta sake kuka. Mazan bakin kanti suka kawo wa ango buhun fulawa da jan kirtani a wuya. Fada, limamin cocin, ya yi addu'a Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana, tsofaffin mata suka shafa kan amarya ɗaya bayan ɗaya.

Eudis yana dariya, amma tikitin Fabrairu na cikin akwati a ɗaki, kuma ya san da shi. Da rana ta karkata ya hango surukinsa shi kaɗai a gindin mangwaro, tallafe da gwiwar hannu. Ya kama hannun Belkis suka je.

"A sa min albarka, Don Fermin."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya yi muku ku biyu."

Karon farko ke nan da ya sa masa albarka.

"Don, har yanzu ina jin tsoron. Jifarsu ba irin taka ba ce, ka sani. Na yi tunani. Na iya riƙe sifana, hannunka kuma ya gaji saboda ni. Ka ba ni wuri a gareji. In zauna nan kusa da ita, ba jirgi, ba waya."

Belkis ta ƙara matse hannunsa, tana kallon ubanta.

"Tsoron ba zai tafi ba," in ji Don Fermin. "Nawa ya hana ni taka fili tun kafin a haifi matarka. Da shi za ka tsaya." Ya juyo ya kalle shi sosai, har da kuncin da ya lotsa. "Ka tsaya a garejina ka ce min akwai na uku. Ina so in gan shi kafin in mutu."

"Ko na shekara ɗaya ne, Don."

"A'a. Ba zan ɗauke ka ba."